Tukunyar Inna mai hannu biyu

Laraba. Tun sassafe muna gona wajen ɗaurin gero, bayana kamar an daka shi a turmi.

Amma gardamarmu da Yaya ce ta hana ni runtsawa. Bayan la'asar Inna ta kife babbar tukunyar dalmarta a tsakar gida, mai hannu biyun nan masu huda. Ina rungume da takardun aikin digirina na lissafi ina ta kallonta, sai Yaya ya ce, "Kai kuma yunwa ce ko bokon ne ya motsa?"

Na ce masa abin da nake karantawa ne a kife a gabanmu. Tun 1898 Heegaard, mutumin Denmak, ya kawo dabarar raba rufaffen sarari mai tsawo da faɗi da zurfi gida biyu, kowane ɓari dunƙule mai hannaye, fata ɗaya a tsakaninsu. Tukunyar ɓari ɗaya ce. Duk abin da ke wajenta, in aka ƙara masa ɗigo ɗaya can ƙarshen nesa, shi ne ɗaya ɓarin. Abin nema shi ne ta hanya nawa za ka motsa ta, ta koma mazauninta daidai. A 1933 wani masanin lissafi, Goeritz, ya nuna cewa mai hannu biyu motsi huɗu sun ishe ta, sauran duk haɗe-haɗensu ne.

Yaya ya sunkuya ya juya tukunyar, hannun dama ya koma hagu. "Wannan fa?" Na ce yana cikin huɗun, in ka sake kuma ta dawo yadda take. Sai na ce ya ɗauka ta roba ce, ya kama hannu ɗaya daga gindinsa ya murɗa rabin zagaye, ya ƙara rabi. Ya ce ai shi ma ya dawo. Na ce ina! Zana layin gawayi ta hudar wannan hannun, ya ratsa jikin tukunyar, ya bi ta hudar wancan, ya dawo ya haɗe. Bayan murɗin layin zai nannaɗe a gindin hannun, kullum ka ƙara sai ya ƙara nannaɗewa. Da hannu ɗaya gare ta, da murɗin ya zame ya fita ta baya. Na biyun ne ke tare shi.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To in ba ka zana gawayin ba, wa zai sani?" Ya ɗauki butarsa ya tafi masallaci yana dariya.

Haushin da nake ji shi ne tambayar ba ta wauta ba ce. Ido ba zai ga bambanci ba, lissafin kuwa yana bin inda kowane ɗigo na fatar ya koma. Da zai tsaya da na gaya masa manyan masana lissafi ma hannayen nan sun wahalar da su. A 1980 Powell ya ce motsi biyar sun isa ko hannu nawa ne, daga baya aka gano giɓi a hujjarsa. Sai 2018 Freedman da Scharlemann suka tabbatar da na hannu uku. Ni ko na biyu na kasa sa yayana ya yarda.

Wayata tana shagon caji har yanzu, da ta Kawu nake rubutun nan, ga shi ya aiko a karɓa.