TARIHIN RAYUWATA, kashi na 14: Zamana da Oga a ofishin fansho

Jama'a barkanmu da war haka. Wancan satin mun tsaya inda aka turo mana sabon oga ofishinmu na Gombe, ƙarshen 2007 kenan, mutumin Kumo ne amma ya daɗe a Legas a ɓangaren zuba jari na kamfanin fanshon da nake wa aiki.

Lokacin fa garin nan kowa ya zama ɗan kasuwar hannun jari, malamin makaranta, ɗan tireda, har masu cin bashin banki su sayi shiya na wannan bankin dai, tunda Soludo, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya ce kowane banki sai ya tara jarin naira biliyan 25 aka yi ta tallar shiya kamar gyaɗa. Ni kuma kullum mutane na tare ni a ofis, wai me ya sa ribar fanshonsu ba ta tsalle irin ta maƙwabcinsu mai hannun jari.

Na kai wa Oga maganar. Bai ce komai ba, ya jawo fayil biyu ya ajiye a gabana, ɗaya na wata malama da saura shekara biyu ta kai 60, ɗaya na yaron da ko wata shida bai yi da kama aiki ba. Ya sa jan biro ya zagaye ranar haihuwar kowa.

"Malam, kafin ka tambayi nawa za a samu, ka fara tambayar kuɗin waye, kuma yaushe mai shi zai zo karɓa. Yaron nan in kasuwa ta faɗi yana da sauran shekara talatin da zai jira ta tashi. Baiwar Allahn nan fa?"

Na ce ranka ya daɗe ai kasuwar hawa take. Ya ce to Allah ya sa.

Watan Maris na 2008 ta kai ƙololuwa, daga nan ta fara gangarowa babu birki, zuwa Agustan 2009 Sanusi, wanda ya gaji Soludo, ya sauke shugabannin bankuna biyar rana guda. Na san mutanen da suka sayar da fili suka biya bashin shiyar da ta zama takarda. Kuɗin fansho ma ya ji jiki kam, amma kaɗan, don PenCom, hukumar da ke kula da fansho, ta sa iyakar abin da za a zuba a hannun jari, kaso mai tsoka yana takardun bashin gwamnati ne, kuma dokar fansho ta 2004 ta raba aikin, mu ke juya kuɗin amma wani kamfani daban ke riƙe da shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne Oga bai yarda takardun gwamnatin ma tsira ba ne. Duk ƙarshen wata sai ya aiki masinja Tudun Hatsi ya tambayo kuɗin buhun masara, ya rubuta a bayan dayarinsa kusa da ribar da muka bayar. In masara ta fi mu gudu sai ya ce mun yi asara, ko da lissafi ya nuna riba. A hedikwata suna ganin ƙauyanci ne. Ni dai ban gani ba.

Sai a 2018 PenCom ta kasa asusun gida-gida bisa shekaru, 'yan 50 zuwa sama aka ware musu nasu mai ƙarancin haɗari. Oga ya riga ya yi ritaya, na kira shi na faɗa masa, ya yi dariya ya ce in zo in ɗauki buhun wakena kafin ƙwari su cinye.

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu, rigimar da muka sha da masu cewa ribar fansho kuɗin ruwa ce, da yadda Sukuk na 2017, wato takardar zuba jari ta gwamnati marar kuɗin ruwa, ya shigo maganar.