Kilomita 300 ba minti 53 ba ne

Talata, da yamma.

Aikin yau lissafin tafiya ne tsakanin ƙananan filayen jirgin sama biyu, kilomita 300 tsakaninsu a miƙe. Jirgin Cessna Caravan ne, mai inji ɗaya, gudunsa a sama kusan kilomita 340 a awa. Wanda ya raba 300 da 340 zai ce minti 53 kenan. Ni na rubuta awa ɗaya da kwata, tun kafin in saka lissafin iska.

Lokacin da ke jikin tikiti yana farawa ne daga sa'ar da jirgi ya motsa daga inda yake ajiye, har ya tsaya cak a ɗaya filin. Gangarawa zuwa bakin titin tashin jirgi da dawowa wurin ajiya bayan sauka sukan ci kamar minti 10. Sai hawa. Kafin Caravan mai cikakken lodi ya kai ƙafa 10,000 yakan ɗauki wajen minti 15, kuma gudunsa a lokacin bai wuce kilomita 210 ba, nan an yi asarar minti 6. Ga kewayon daidaita hanci da titi, tunda iska ake fuskanta a sauka, ba ta inda aka fito ba. Wannan wasu minti 5 ne. A gajeriyar tafiya waɗannan ƙananan abubuwan su ne babba. Dubi Westray zuwa Papa Westray a tsibiran Orkney na Scotland: kilomita 2.7 kacal, abin da ake yi a sama bai cika minti 2 ba, ɗora kaya ya fi tafiyar daɗewa.

Abin da ya fi ɗaukar mini hankali yau iska ce. Hasashe ya nuna kilomita 60 a awa, tana bugowa ta gaba a zuwa. Gudun jirgi a kan ƙasa ya koma 280, minti 53 ɗin nan ya zama 64. A dawowa tana turo shi, 400, minti 45. Mutane kan ɗauka ribar dawowa tana biyan asarar zuwa. Ba ta biya. An rasa 11, an samu 8, domin jirgi ya fi daɗewa cikin iskar da ke danne shi.

Man jirgi kuma ba na wasa da shi. Ƙaramin fili sau da yawa ba a sayar da man jirgi, dole a ɗauki na zuwa da dawowa. Ƙa'idar Amurka ga matuƙin da ke dogaro da na'urorin jirgi maimakon gani da ido ita ce man da zai kai shi, ya kai shi wani filin idan nan ya ƙi, da ƙarin na minti 45. Kowace lita nauyi ce, kuma gajeren titi da zafin rana suna rage abin da jirgi zai iya tashi da shi. Wani lokaci sai an bar kujera babu kowa.

Filin da za a dawo ba shi da fitilun titi. Saboda haka daga faɗuwar rana na fara lissafin dawowa, na ja baya, na bar rarar rabin awa don jinkirin lodi.