Godiya bayan jinyar Baba

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi, jiya aka sallamo Baba bayan kwana huɗu a asibiti. Yana gida, har ya fara faɗa wai an ɓoye masa goro.

Da yawanku kun yi ta tambaya me ya faru, tunda ranar Juma'a kun gan shi garau a masallaci. Agogo ne ya tona. Autanmu ya kawo masa Apple Watch tsaraba daga Umara, Baba ya ce agogon 'yan gayu ne, bai ɗaura ba sai don kada yaron ya ji ba daɗi. Ashe koren hasken nan na bayansa gudun jini yake bi a wuyan hannu. Sai ga gargaɗi wai bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai. Baba ya ce faɗuwar gaba ce, ya saba da ita.

Yayarmu ce ta kafe. Ta sa shi ya ɗora yatsa a maɓallin murɗawa na gefen agogon na daƙiƙa 30 don ya gwada bugun zuciyar, ta tura sakamakon ta WhatsApp ga wani ɗan'uwanmu likita. Bugu 130 a minti ɗaya, mutum na zaune a tabarma, alhali na mai hutawa tsakanin 60 da 100 yake. Ya ce a tafi asibiti a daren. Yaya, Allah ya saka miki da Aljanna.

Ko da muka isa bugun ya lafa, gwajin farko bai nuna komai ba, don ciwon mai zuwa ne ya tafi. Likitar zuciya ba ta raina abin da ke cikin wayar ba, ta maƙala masa na'ura a ƙirji ta awa 24, a nan aka kama shi. Ta ce ɗakunan sama na zuciyar ne ke kakkarwa maimakon su matsa, jini ya kwanta ya yi guda, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ninka kusan biyar. Ta kuma ja mana kunne cewa agogon ba ya gano toshewar jijiyar zuciya. In ƙirji ya ɗaure, kada a tsaya duba shi. Likita, mun gode, da ma'aikatan jinya da suka yi haƙuri da gardamar Baba.

Maƙwabcinmu da ya fito da mota ƙarfe ɗaya na dare, Malam Liman da jama'ar masallaci da suka sa shi a addu'a, gwaggonninmu da suka yi ta aiko da kwanuka, Allah ya bar zumunci.

Roƙo ɗaya: Baba yana kan maganin tsinka jini, don Allah kada a kawo masa jiƙo ko sassaƙe, likita ta hana. Masu zuwa dubiya, bayan la'asar ya fi, da hantsi barci yake yi.