Darussa daga ɗakin fMRI, ga masu shigowa bayanmu

Na'urar fMRI, mai ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa, ba ta ganin tunani. Abin da take aunawa shi ne sauyin iskar oksijin a cikin jinin ƙwaƙwalwa, hanyar da Seiji Ogawa ya bayyana a 1990, kuma alamar ba ta kai ƙololuwa sai daƙiƙa 4 zuwa 6 bayan jijiyoyin sun yi aikinsu. Ana yanka hoton ƙwaƙwalwar zuwa ƙananan akwatuna da muke kira voksel, kowanne milimita 2 ko 3. In kana da guda 50,000 ka gwada kowanne a kan p ƙasa da 0.001, wato ka yarda ɗaya cikin dubu ya haska bisa sa'a kawai, kusan 50 za su haska ko da babu komai a wurin. Craig Bennett da abokan aikinsa sun nuna haka a 2009 da mataccen kifin salmon: suka sa shi a na'ura, suka nuna masa hotunan mutane, ɗigo ya fito a ƙwaƙwalwarsa. Kowa ya yi dariya, kuma yanzu kusan kowa yana gyara lissafinsa saboda yawan gwaje-gwaje.

Kuskuren da ke cinye shekarun ɗalibi ba shi ne wannan ba. Ga yadda yake faruwa. Taswira ta fito, wani yanki ya yi ja, oga ya leƙo ta bayan kujera ya ce a zana da'ira a nan a ciro alƙaluman. Sai a ciro, a gwada su da makin da mutane suka samu a gwajin tuna abu, a ga dangantaka ta kai 0.8, a ma'aunin da ƙololuwarsa 1 ce. Amma ai an zaɓi akwatunan ne don sun riga sun nuna wannan dangantakar, har da hayaniyar da ta faɗo daidai bisa sa'a. Bayanan da suka zaɓi wurin su ne kuma suka ba da shaida a kansa. Su ke kiɗansu, su ke rawarsu. Nikolaus Kriegeskorte da tawagarsa sun duba maƙaloli 134 da suka fito a manyan mujallu a 2008, suka tarar kashi 42 cikin 100 na ɗauke da irin wannan lissafi.

Maganin ba wuya. Ka raba zagayen ɗaukar hoto biyu: zagaye na 1, 3 da 5 su zaɓi yanki, na 2, 4 da 6 su gwada shi. Ko ka yi gajeren gwaji daban don gano yankin, ko ka ɗauko shi daga taswirar ƙwaƙwalwa da aka riga aka wallafa, kafin ka buɗe bayananka. Adadin zai sauko, wani lokaci har ƙasa. Nan ne rigimar take, domin oga ya riga ya sa kyakkyawan hoton a takardar neman tallafi. Zai ce masu duba maƙala ba za su lura ba, kuma sau da yawa gaskiyarsa ce. Sai dai ranar da wani ɗakin bincike ya kasa maimaita sakamakon, sunan da ke farko a maƙalar shi ake kira, wato na ɗalibi. Sunan oga yana ƙarshe, ambaton da maƙalar ta tara ya riga ya shiga lissafinsa na h (ma'aunin yawan maƙalolin mai bincike da yawan ambatonsu), ya wuce wani aikin. Wai shi ne mai tasiri a fannin.

Saura a taƙaice. Mutum 25 ba su isa a danganta siffar ƙwaƙwalwa da hali ba. Binciken Scott Marek a mujallar Nature a 2022 ya nuna dubbai ake buƙata. Motsin kai na rabin milimita yana ƙirƙiro alaƙar ƙarya tsakanin yankuna, don haka a tokare kan da soso sosai, a kuma duba motsin kowane mutum kafin ya bar ɗakin. A 2020 an ba tawagogi 70 bayanai iri ɗaya, ba a sami biyu da suka bi hanya ɗaya wajen tantance su ba. Rubuta taka hanyar ka yi mata rajista tun kafin ɗaukar hoto.

Batun jerin sunaye kuwa, a gama shi ta imel kafin mutum na farko ya kwanta a na'ura, kuma ka ajiye kwafi a akwatin da ba na jami'a ba, don ana rufe wancan da zarar ka tafi.