Gidaje 16 ba su ishi kiɗanmu ba

Duk wanda ya buɗe FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, layin ƙananan gidaje 16 zai tarar a gaban kowace ganga. Darasin farko da ake ba sabon yaro a situdiyon da nake aiki a Garwa bai wuce wannan ba: ka sa kik, bugun nan mai nauyi, a gida na 1, 5, 9 da 13, siniya, ganga mai kaifin sauti, a na 5 da 13, hai-hat kuma, faifan ƙarfen nan mai ƙaramin sauti, ka riƙa tsallake gida ɗaya. Kafin shayi ya huce kiɗa ya tashi, yaro sai washe baki.

Tsarin nan gado ne daga injinan ganga irin TR-808, wanda kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1980: bugu huɗu, kowanne an raba shi huɗu. Amma da yawa daga waƙoƙin da mawaƙan biki ke kawo mana tafiyar uku-uku suke yi. In ka cusa irinsu cikin 16, mawaƙi zai cire abin kunne ya ce, "Maigida, kiɗan nan yana riƙe mini ƙafa." Dalilin bai san shi ba, amma gaskiyarsa. Sai ka mai da gidajen 12, kik ya faɗa a 1, 4, 7 da 10, nan take baitinsa ya zauna daram.

Inda na fi daɗewa ina koyo shi ne ƙarfin bugu. A tsarin MIDI, wanda kwamfuta ke rubuta bugu da shi, yana kaiwa 127, kuma manhaja kan jera duk bugun da ƙarfi ɗaya, abin da hannun ɗan Adam ba ya yi. Na zauna kusa da wani mai kalangu a wajen kamu ina kallon hannunsa: ya sauke ɗaya da nauyi, biyun da ke biye sai ya ɗan shafa fatar kawai. Haka nake yi wa hai-hat yanzu, na farko wajen 110, na bayansa 70 ko ƙasa. Tsallen da ke sa mata miƙewa rawa daga nan yake fitowa.

Kalangu kansa kuwa na bar wahalar da kaina. Muryarsa a hammata take, a matse ta hau, a saki ta sauka, sautin da aka naɗa kuwa murya ɗaya gare shi. Ana iya lanƙwasa shi da linzamin kwamfuta, amma aikin yini ne kuma kunne yana ganewa. Gara a kira makaɗi, a sa masa makirfo, a biya shi jaka biyar ɗinsa, inji ya riƙe masa kik a ƙasa.