Filayen jirgin Landan shida ne, ka yi lissafi kafin ka sayi tikiti mai araha

Ƙannena masu shirin zuwa Ingila karatu ko ziyara, da waɗanda suka riga suka isa suna farautar tikiti mai araha zuwa wata ƙasar Turai, ga abin da babu wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini sai da aljihuna ya ji a jikinsa. Kuɗin da ka gani a jikin tikitin jirgi ba shi ne kuɗin tafiyar ba. Lissafi yana farawa ne daga ƙofar ɗakinka zuwa ƙofar gidan da za ka sauka, kuma a Landan abin da za ka kashe a ƙasa yana iya lashe duk rangwamen da ka samu a sama.

Filaye shida ne ke amsa sunan Landan, kowanne da haruffa uku da ake rubutawa a tikiti: Heathrow shi ne LHR, Gatwick LGW, Stansted STN, Luton LTN, London City LCY, sai Southend SEN. Idan ka rubuta LON a manhajar neman tikiti, duka za ta haɗo maka, mafi araha a sama. Kuskurena na farko ke nan, na ɗauki na saman ban dubi haruffan ba. Heathrow yana kimanin kilomita 24 yamma da tsakiyar gari. Gatwick kuwa kimanin 45 ne a kudu, kamar a ce Kano zuwa Wudil. Luton ya kai kusan 50 ta arewa, Stansted da Southend sun doshi 60. Waɗannan huɗun na ƙarshe sunan Landan kawai suka ara, ba a cikinta suke ba.

Mai tasowa daga Najeriya galibi a Heathrow zai sauka, nan British Airways ke sauke fasinjojin Abuja da Legas, Virgin Atlantic ma na Legas. A watan Maris na 2024 Air Peace ya fara zirga-zirga tsakanin Legas da Gatwick, daga nan zaɓi ya zama na gaske ga mutanenmu, ga kuma masu bi ta Santambul ko Doha ko Dubai da ake iya sauke su a filaye daban-daban.

Daga Heathrow hanyoyin jirgin ƙasa uku ne, kuma bambancin kuɗinsu ba kaɗan ba ne. A farashin 2025, layin ƙarƙashin ƙasa na Piccadilly fam 5.80 ne zuwa tsakiyar gari, tafiyar minti 50 zuwa awa guda. Layin Elizabeth, wanda aka buɗe a 2022, fam 13.90 ne, yana kai ka tashar Paddington da ke cikin gari cikin kusan rabin awa. Heathrow Express minti 15 ne kacal zuwa Paddington, amma fam 25 idan a ranar ka saya. Baƙon da ya kwana a jirgi ya fito a gajiye, allon da ya fi girma shi yake bi, ni ma haka na yi. Na biya fam 25 don in rage kwata, na isa Paddington kuma sai da na sake biyan wani jirgin domin ba can unguwar da zan je take ba. Saurin jirgi bai amfane ka ba idan ba inda kake so yake zuwa ba.

Saboda haka ka fara da adireshin masaukinka. Idan Woolwich za ka, inda 'yan Najeriya suke da yawa, layin Elizabeth yana ratsa gari ya sauke ka can. Idan Leeds ko Newcastle za ka wuce, tasharka King's Cross ce, Leicester da Nottingham da Sheffield kuma St Pancras da ke manne da ita, Piccadilly yana kai ka har ƙofa ba canji. Manchester da Birmingham da Coventry daga Euston ake tashi, Bristol da Cardiff daga Paddington. Wanda zai je Brighton Gatwick ne filinsa, rabin awa ce a jirgin ƙasa. Ɗalibin Cambridge kuwa Stansted ya fi masa kusa nesa ba kusa ba. Kuma kafin ka shiga gari kwata-kwata, duba ko bas ɗin National Express yana zuwa garinku kai tsaye daga filin jirgin. Yakan fi jinkiri, amma akwatunanka suna cikin ɗakin kaya a ƙasan motar, ba ka hawa matakala ko ɗaya da su.

Maganar akwati ba ƙarama ba ce. Mu da muke zuwa da akwati biyu masu kilo 23 kowanne, ga jakar baya, ga ƙullin yaji da kuka da daddawa da aka cusa a lungu, Piccadilly yana iya zame mana azaba. Taragunsa ƙanana ne, rufinsu gajere, kuma tsofaffin tashoshi da yawa ba su da lif. Ka tsaya a gindin matakala da kilo 46, mutane suna ratsa ka ta ko'ina suna sauri, a nan za ka gane cewa fam takwas ɗin da ka ƙi ƙarawa ba tsada ba ce. Tashoshin Elizabeth duka ana shiga ba tare da matakala ba, taragun kuma manya ne. Idan jaka ɗaya ce a hannunka, hau Piccadilly ka adana kuɗinka. Ranar komawa kuma ka karanta goshin jirgin: layin yana rabuwa a Acton Town, wani ya nufi Uxbridge, waɗanda suka nufi Heathrow ma wani na zuwa tashar fasinja ta 4, wani ta 5.

Gatwick ya fi yadda ake zato sauƙi. Ɓangarori biyu gare shi, na kudu da na arewa, tashar jirgin ƙasa tana na kudu, akwai ƙaramin jirgi kyauta da ke haɗa su cikin mintuna kaɗan. Tarkon da ke nan shi ne sunan Gatwick Express. Yana zuwa tashar Victoria da ke tsakiyar gari cikin kusan minti 30, amma jiragen Southern suna bin layin nan zuwa Victoria ɗin da ƙarin 'yan mintuna, a kuɗin da bai kai nasa ba. Thameslink kuma yana bi ta London Bridge da Blackfriars da Farringdon da St Pancras, yana aiki har cikin dare, wanda hakan babbar rahama ce ga mai jirgin asuba. Mai zuwa Peckham ko wata unguwar kudu, Gatwick yakan fi masa Heathrow.

Inda matasa suka fi faɗawa shi ne Stansted da Luton, domin nan kamfanonin araha suka yi sansani, Ryanair a Stansted, easyJet da Wizz Air a Luton. A ce ka ga tikitin fam 20 daga Stansted, ka ga na fam 65 daga Heathrow zuwa gari ɗaya. Ido zai ce ribar fam 45. To ƙara kuɗin Stansted Express daga Liverpool Street, tafiyar kusan minti 50, zuwa da dawowa. Ƙara kuɗin isa Liverpool Street ɗin. Ƙara kuɗin akwati, domin ƙaramar jakar da ke shiga ƙarƙashin kujera kaɗai ce kyauta. Sannan ka duba inda za a sauke ka a can, domin wannan wasan ba a Landan kaɗai ake yin sa ba: filin Beauvais da ake liƙa wa sunan Paris yana da nisan kusan kilomita 85 daga birnin, sai ka sake biyan bas. Kafin ka gama tarawa, ribar ta zama 'yar kaɗan ko ta koma asara, garin neman gira an rasa ido.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ta fi cin mutane. Tikitin da ya fi araha yawanci na jirgin ƙarfe shida ko shida da rabi na safe ne. Ana so ka isa awa biyu kafin tashi, wato wajen ƙarfe huɗu, alhali jiragen ƙarƙashin ƙasa ba sa fara aiki sai bayan biyar, ranar Lahadi ma sai an ƙara jinkiri. Daren Juma'a da na Asabar ne kawai wasu layuka ke kwana suna aiki. Abin da ya rage maka uku ne: bas ɗin dare zuwa filin jirgi daga Victoria ko Stratford, wanda ya kamata ka sayi kujerarsa tun da wuri, kwana a kan benci a filin, ko tasi, wanda kuɗinsa kaɗai ya ninka tikitin jirgin sau da yawa. Sau ɗaya na bar wannan lissafi sai daren tafiya, tasi na shiga dole. Haka yake ga jirgin da ke sauka sha ɗaya da rabi na dare. Mai koren fasfo layin shige da fice yake bi, ba ƙofar na'ura ba, kuma layin yana iya cin awa guda ko fiye. Ka lissafa daga lokacin da za ka fito waje da kayanka, ba lokacin da tayar jirgi ta taɓa ƙasa ba. A Heathrow, idan jiragen ƙasa sun tashi aiki, bas mai lamba N9 yana shiga gari cikin dare a kuɗin bas na yau da kullum, fam 1.75 a farashin 2025.

Luton yana da nasa ƙarin. Jirgin ƙasa ba ya shiga filin, a tashar Luton Airport Parkway yake tsayawa, daga nan sai ka hau wani ƙaramin jirgi da ake kira DART, wanda ya fara aiki a 2023, tafiyar minti huɗu a kan fam 4.90 a farashin 2025. Ka sayi tikitin da aka rubuta Luton Airport, kuɗin DART yana ciki. London City kuwa a cikin gari yake, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari da ake kira DLR na kai ka a kuɗin unguwa, sai dai tikitin jirgin sama daga can na da tsada kuma ana rufe filin daga azahar ɗin Asabar zuwa azahar ɗin Lahadi.

Yanzu yadda ake biya. Bas ɗin Landan ba ya karɓar tsabar kuɗi tun 2014, sai katin Oyster, wato katin sufurin Landan da ake zuba wa kuɗi, ko katin banki na taɓawa ko waya. Kada ka dogara da katin naira kaɗai, ka riƙe wata hanyar. Kowane mutum da katinsa, ba a taɓa wa mutum biyu da kati ɗaya. A jirgin ƙasa ka taɓa a shiga, ka taɓa a fita, da abu ɗaya: idan ka shiga da waya ka fita da katin roba, ko da asusun ɗaya ne, na'ura za ta ɗauka tafiya biyu ce da ba a kammala ba, ta cire maka kuɗi mafi yawa sau biyu. Oyster yana aiki har Heathrow da Gatwick da London City, amma ba ya kaiwa Stansted ko Luton. Mugun abin shi ne ƙofar Liverpool Street za ta buɗe maka da shi lafiya lau, sai ka isa Stansted a ce ba ka da tikiti. Tarar fam 100 ce tun daga Janairun 2023, ban da kuɗin tikitin, ana rage ta zuwa 50 idan ka biya cikin kwana 21. Cewa kai baƙo ne ba lallai ya fisshe ka ba.

Ɗalibi ya nemi katin rangwame na 16-25 Railcard a makon farko. Fam 35 ne a shekara a farashin 2025, yana rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin jirgin ƙasa, wanda ya wuce shekara 25 ma yana samu muddin cikakken ɗalibi ne. Ka kai shi tashar ƙarƙashin ƙasa ma'aikaci ya haɗa maka shi da Oyster ɗinka, sai rangwamen ya riƙa shiga a lokutan da ba na cunkoso ba. Lokutan cunkoso su ne 6:30 zuwa 9:30 na safe da 4 zuwa 7 na yamma, Litinin zuwa Juma'a. Na yi watanni ina biyan cikakken kuɗi don ban san ana haɗawa ba.

Mafi haɗari duka shi ne tikitin da zai sauke ka a wani fili ya ɗauke ka a wani, misali ka sauka Heathrow ka tashi daga Gatwick. Wannan ba canjin jirgi ba ne kawai, shiga ƙasar Ingila ne. Sai ka bi ta shige da fice, ka ɗauki akwatunanka, ka hau bas na fiye da awa guda a kan babbar hanyar M25 da ta yi suna wajen cunkoso, ka sake auna kaya. Bizar wucewa ta cikin fili ba ta isa ba, sai wadda ta ba ka izinin fita, kuma idan babu ita tun daga Abuja za a hana ka hawa. Idan kuma tikiti biyu ne daban ka saya, jirgin farko ya makara, na biyun ba ruwansa, kuɗinka ya tafi. Wanda ya zama dole ya yi haka, kada ya bar ƙasa da awa biyar ko shida tsakani.

Kwana biyu kafin tafiya ka buɗe shafin TfL, hukumar sufurin Landan, da na National Rail, na jiragen ƙasan Birtaniya, ka saka ainihin ranar da sa'ar. Ƙarshen mako ne ake gyaran layin dogo, a maye gurbin jirgi da bas mai ninka lokaci, yajin aiki kuma ana sanar da shi tun kafin ranar. Masu zuwa hutun Disamba su lura: ranar 25 ga wata babu jirgin ƙarƙashin ƙasa, babu bas ɗin gari, babu jirgin ƙasa, sai motocin dogon zango irin National Express da tasi. Idan ɗan'uwa ne zai kai ka da motarsa, ka tuna masa cewa sauke fasinja a ƙofar Heathrow ko Gatwick akwai kuɗi. Babu shinge, kyamara ce ke ɗaukar lambar mota, ta intanet ake biya kafin sha biyun daren washegari, wanda ya manta kuma takardar tara za ta same shi a gida.