Tsohon asibiti da kuɗin man gas

Asibitin da aka tura ni sakatare tun zamanin Turawa aka gina shi, lokacin da En'e ke riƙe da irinsa da kuɗin baitulmali. Ɗakin kwanciya na maza, na mata, ɗakin haihuwa, ɗan ɗakin tiyata, sai ofisoshi da gidan likita. Duk abin da ba allura ba ne ba magani ba, a kaina yake: man janareta, ruwa, shara, kuɗin leburori, ƙofar da ta ɓalle.

Kafin in kama aiki kowa cewa yake tsohon gini ne, zai cinye mini kuɗi. Ba haka na tarar ba. Ɗakin maza, wanda babu ɗan kwangilar da ya taɓa shi, bangonsa na dutse ne mai kaurin kamu guda, silin can sama, tagogi suna kallon juna, ga baranda ta kare shi daga rana. A tsakiyar bazara majiyyaci yana barci a ciki ba fanka. Waɗanda suka gina shi ba su sa ran wutar lantarki ba, don haka iska suka yi wa hanya. Ɗakin mata shi aka yi wa kwaskwarima: aka sauko da silin, aka sa tagar gilas mai buɗewa rabi, aka toshe baranda aka mai da ita sito, aka shimfiɗa tayil. A hoto ya yi kyau. Amma da an ɗauke wuta sai matiron ta leƙo ofishina.

"Malam Sakatare, ko a tayar mana da inji, ko mu fito da masu jego gindin darbejiya."

To inji kuwa mai yake sha, kuma a nan kuɗin asibiti ke ƙarewa. Albashin likita da nas daga jiha yake zuwa kai tsaye, ba ya bi ta hannunmu. Abin da ke hannunmu kuɗin gudanarwa ne na wata-wata, wanda kan makara, sai ɗan abin da ake tarawa na kati da gwaji. Man gas ya yi tashin gwauron zabi a 2022, aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, motar ɗaukar marasa lafiya da ƙaramin inji su ma suka shiga layi. Kuɗin gudanarwa kuwa yana nan inda yake. Asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa, ƙananan cibiyoyi ya nufa. Manyan asibitocin koyarwa galibi na tarayya ne. Irin namu yana tsakiya, sai abin da jiha ta ga dama.

Idan aka matsu, ido kan koma kan asusun magani. Tsarin nan na sayar da magani a sake saro wani da kuɗinsa, wanda ya samo asali daga shirin Bamako na 1987, shi kaɗai ne wurin da kullum ake samun tsabar kuɗi. A ce a ara na jarka biyu a mayar ƙarshen wata. Ban taɓa ganin inda aka mayar ba. Kantin magani ya bushe, a koma rubuta wa mutane takarda su tsallaka titi. Ni da mai kula da magani muka yi yarjejeniya cewa ko tiyata ce sai dai a nemo wata hanya, kuma sau da yawa hanyar ita ce dangin mara lafiya su sayo mai, abin da har yau nake jin nauyinsa.

Abin da ya rage mana wahala ba babba ba ne. Muka raba waya: ɗakin tiyata, ɗakin haihuwa da firjin jini a layi ɗaya, ƙaramin inji ya ɗauke su, babban ya huta. Duk lokacin da aka tayar da babban don tiyata, a lokacin ake tura ruwan burtsatse tanki. Daga baya aka kawo sola, muka yi murna, sai dai batir yana da wa'adinsa, kuma wanda ya kawo kyautar bai bar kuɗin canji ba. A sito akwai injuna masu tambarin PTF, asusun nan na rarar kuɗin man fetur, tun shekarun 1990 da ƙura ta rufe, galibi don rashin wani ɗan ƙarfe da ba wanda ya saya.

Rufi ne ciwon tsohon gini na gaskiya. Ganyen darbejiya ya cika indararo, ruwa ya koma ƙarƙashin kwano, katako ya jiƙe, gara ta shiga, jemagu su tare a silin har warinsu ya sauko ɗaki. Kafinta ɗaya da buhun ƙusa kafin damina sun isa su hana wannan. Amma takardar neman kuɗin ƙusa sai ta shekara a kan tebur, alhali ta sabon gini tana da masu bin ta, tunda shi ake yanka wa ribon.

Taswirar ginin ta ɓace tun ban zo ba, ko a ma'aikatar ayyuka babu. Wanda ya san inda bututu ya bi da inda tsohuwar sokawe take, wani dattijo ne mai gyaran famfo da ya gaji aikin wajen mahaifinsa. Da lokacin ritayarsa ya matso na ce, "Baba, zo mu zaga." Yana nuni da sanda, ina zanawa a bayan tsohon fayil. Ashe wani ɗan kwangila a kan sokawen ɗakin haihuwa ya ɗora sabon sito, shi ya sa bangon ke tsagewa duk damina ana ta shafa masa siminti.